Haƙori a Kwalin Madara

Tun ranar ƙaramar Sallah Saude ba ta sake sa Abdulrasheed a ido ba. Yayanta Babayo ne ya hana, ita kuwa ta bi, don a duk faɗin birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba ta da wani nata sai shi. Shi ya ɗauko ta daga Fagge, shi ya tsaya mata har ta kai shekarar ƙarshe a karatun likitan haƙori, ga ta yanzu tana koyon aiki a asibitin jami'arsu. A gabansa ta goge lambar Abdulrasheed daga wayarta, amma lambar tana nan daram a kanta.

Ranar Juma'ar da abin ya faru ruwa ake tsugawa tun hantsi, irin ruwan garin nan da ba ya kawo sanyi sai ƙarin gumi. Wajen la'asar tana ɗakin gaggawa tana jera kayan aiki, malamarta Dakta Liang ta leƙo ta ce ta zo, ga wani mutumin Afirka da rauni a baki, ƙila ma ɗan ƙasarsu ne.

Ta ɗaga labule.

Shi ne. Yana zaune a bakin kujerar duba marasa lafiya, farar shaddar da ya je masallaci da ita ta rine da jini daga wuya har aljihu. Hannu ɗaya ya danne baki da hankici, ɗayan yana riƙe da ƙaramin kwalin madara da aka yage bakinsa.

Kwalin kawai ya miƙo mata.

Ta leƙa ciki. A ƙasan madarar, wadda jini ya fara canza wa launi, ga haƙorinsa na gaba kwance, cikakke, har da doguwar saiwarsa.

Nan da nan idonta ya ciko. Ba jinin ne ya sa ba, jini ta saba da shi. Tunawa ta yi.

A shekarunta na farko a ƙasar nan, unguwar Dengfeng cike take da mutanen gida. 'Yan Kano, 'yan Damagaram, 'yan Kumasi, kowa da Hausarsa, ana ciniki ana raha daga bakin layi har ƙarshe. Duk Lahadi su uku suke haɗuwa a gidan abincin wata 'yar Agadas da ke saman shagon wayoyi: ita, da Babayo, da amininsa Abdulrasheed. Jirgi ɗaya ya kawo su Babayo da Abdulrasheed, katifa ɗaya suka yi ta kwana a kai kafin Allah ya buɗa musu, tare suka koyi cewa laoban, wato maigida, da meiyou, wato babu, a bakin masu shaguna. A lokacin Yaya Abdul take ce masa, shi kuma ya ce mata 'yar makaranta.

Takan zo da littattafanta ta mayar da su ɗalibanta kafin tuwo ya iso. Wata Lahadin ta karanta musu abin da ake yi idan haƙori ya fita gaba ɗaya. A kama shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare shi, kada a naɗe shi a takarda ya bushe. In za a iya mayar da shi raminsa a mayar, in ba za a iya ba a jefa shi cikin madara a ruga asibiti. Babayo ya yi ta dariya yana cewa ai wannan asarar madara ce. Abdulrasheed bai yi dariya ba. Tambayarta ya yi me ya sa sai madara, ta yi masa bayanin cewa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu rai a jikin saiwar, su ne za su sake riƙe haƙorin da ƙashi, da zarar sun bushe kuwa sun mutu. Ya gyaɗa kai ya yi murmushi. A ranar ta fara lura da wushiryarsa, a ranar kuma ta fara jin kunyar haɗa ido da shi.

Gidan abincin ya daɗe da rufewa. 'Yar Agadas ta koma gida, rabin mutanen layin sun watse.

Muryar Dakta Liang ce ta dawo da ita. Likitar tana yi masa tambayoyi da Sinanci, yana amsawa a hankali ta bayan hankicin, don ya fi Saude ma iya harshen. Ko ya suma? Ko ya yi amai? Ko yana jin jiri, ko yana ganin abu biyu-biyu? Duk ya ce babu. Ya ce abin bai kai awa guda da faruwa ba, kuma nan take ya sayi madarar a kantin da ke ƙasan benen. Likitar ta ce ya kyauta wa kansa. Da ta tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce santsin ruwa ne ya kwashe shi a matattakalar wani sito a unguwar Liuhua.

Dakta Liang ta ce Saude ta duba shi ta faɗi abin da ta gani.

Ta sa safar hannu. Ta bi muƙamuƙinsa da yatsu daga gindin kunne har haɓa, ta ce ya buɗe baki, ya rufe, ya cije. Ƙashi lafiya lau. Ta ɗaga leɓensa na sama, ya tsage ta ciki, dasashi ya yage, ga ramin haƙorin cike da gudan jini. Na kusa da shi yana nan a tsaye, ba ya girgiɗi, sai dai kusurwarsa ta ɓalle, amma karayar ba ta kai jijiya ba.

Duk ta faɗa wa malamarta wannan. Akwai abu ɗaya da ba ta faɗa ba. Ta kalli tafin hannayensa, ta kalli haɓarsa da hancinsa da gwiwar wandonsa. Ko ƙwarzane babu. Wanda ya faɗi a matattakala hannu yake fara kaiwa ƙasa.

Likitar ta tambayi inda ɓallin ɗaya haƙorin yake. Ya ce bai gani ba. Ta ce dole a neme shi, don yakan maƙale a cikin leɓe ya ruɓar da wurin, wani lokacin ma mutum ya shaƙe shi ya wuce huhu bai sani ba. Amma wannan zai jira, haƙorin da ke cikin madara shi ne ba ya jira.

Aka ɗauki hoton wurin da sauri, aka ga ramin bai fashe ba. Dakta Liang ta yi masa allurar kashe zafi, ta wanke ramin da ruwan gishiri na asibiti har gudan jinin ya fita. Sannan ta juyo ta kalli Saude.

"Ke za ki mayar da shi. Ina tsaye."

Saude ta yi bisimilla a zuci. Ta kamo haƙorin ta kansa, ta ɗauraye shi da ruwan gishirin, ta saita shi, ta tura a hankali da yatsa. Ta ji lokacin da ya zauna. Idon Abdulrasheed a rufe yake, hawaye ya gangaro ta gefe ya shige kunnensa, ba ta sani ba ko na zafi ne.

Suka lanƙwasa siririyar waya suka manne ta a haƙoran gaba da farin ɗanko, ta riƙe wanda aka mayar da maƙwabtansa. Suka rufe bakin wanda ya karye, suka ɗinke dasashin da leɓen. Hoton leɓe bai nuna ɓallin ba. Likitar ta rubuta masa hoton ƙirji da allurar tetanus da magunguna, ta ce wayar za ta yi mako biyu, kafin a cire ta kuma za a cire jijiyar haƙorin a cike shi. Abinci sai mai ruwa-ruwa. Ba ta yi masa alkawarin haƙorin zai zauna har abada ba, ta dai ce an ba shi dama mai kyau.

Sannan ta ce Saude ta raka ɗan ƙasarsu sashen hoto.

A dogon bencin da ke bakin sashen suka zauna, ta bar tazarar mutum biyu tsakaninsu. Ruwa yana ta dukan tagar bayansu.

"Wa ya buge ka, Yaya Abdul?"

"Faɗuwa na yi." Maganar tana fita da ƙyar, leɓen ya kumbura.

"Na duba hannunka. Na duba gwiwarka."



"Ki bar shi a faɗuwa, Saude. Alfarma na roƙa."

Ta tambaye shi abin da ya kai shi Liuhua, tunda shagonsa na kayan waya a Dengfeng yake. Wani tunani ya taso mata, ta yi maza ta danne shi tana ta'awwizi.

Don ya kau da zancen sai ya ce bai san abin da zai gaya wa Maijidda ba in ta ga bakinsa gobe. Jin sunan yarinyar ya sa Saude ta sunkuyar da kai, don a kan Maijidda komai ya tsaya.

Abdulrasheed ya taɓa aure a garin nan. Wata Basiniya Musulma ya aura, ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. Yarinyar tana hannun kakarta, tsohuwar da ba ta haifi kowa ba sai marigayiyar, ba ta da abin kallo a duniya sai jikar. Ba zai iya raba su ba, ba zai iya tafiya ya bar 'yarsa ba. Ita kuwa Saude, Ummanta tana Fagge tana ƙirga mata watanni. Tun rasuwar Abbansu gidan ya yi wa Umma faɗi, kullum zancenta idan auta ta gama ta dawo kusa da ita. Da Abdulrasheed ya nemi aurenta, Babayo bai ce masa mutumin banza ne ba, don ya san ba haka ba ne. Cewa ya yi wanda ya aure ta zai mayar da ita Kano, shi kuwa Rasheed ya riga ya zama ɗan nan.

Ga kuma Lukman, mai kantunan magani a Kano, wanda yake zuwa saro kaya yana sauka a otal ɗin Liuhua. Ya ga Saude ya yaba, Umma ta san gidansu, har ya yi maganar zai buɗe mata wurin aikinta a kan titin Gidan Zoo. Ba wanda ya ce dole ne. Kullum dai sai an tuna mata hawayen Umma.

"Na ji Lukman yana gari," in ji Abdulrasheed. "Mutumin kirki ne. Na yi hulɗa da shi, ban ga aibunsa ba."

"Kada ka yabe shi a gabana." Muryarta ta karye. "Kowa ya yabe shi, ban da kai."

"To me zan ce miki? In ce zan koma gida baɗi? Ƙarya zan yi. Kina tsammanin ni ba na kewar gida? Akwai safiyar da nake farkawa in ji kamar ƙamshin ƙosan bakin layinmu, sai na buɗe taga in tuna inda nake. Kabarin mahaifiyata ban san halin da yake ciki ba. Amma duk sanda na ɗauki fasfo sai in ga Maijidda tana riƙe da hannun tsohuwar nan."

"Ni ban taɓa cewa ka bar ta ba."

"Na sani. Ni ma ba zan ce ki bar Umma ba."

Ta rufe fuska da gefen mayafinta tana kuka marar sauti. Ta ce masa tun Sallah ba ta yi barci mai daɗi ba. Ta ce duk Juma'ar da ba ta aiki takan je masallacin Huaisheng, ta tsaya daga ɓangaren mata tana duban masu fitowa ta gindin tsohuwar hasumiyar, ko za ta hango hularsa. Ya ce ya sani, ya sha ganinta, shi ya sa yake fita ta ɗaya ƙofar. Ba ya son ta karya alkawarin da ta yi wa yayanta ta dalilinsa.

"To yau me ya kawo ka nan? Asibitoci nawa ka wuce a hanya?"

Ya yi ƙoƙarin murmushi, ɗinkin ya hana shi.

"Da na ga haƙorin a ƙasa, muryarki na ji. Sai na ce wa mai tasi ya kawo ni inda muryar take."

Aka kira lambarsa. Hoton ƙirjin ya fito fes, babu ɓallin. Dakta Liang ta ce to ya faɗi ke nan a inda abin ya faru. Saude ta raka shi bakin ƙofa, ta ce ya riƙa shan kunu da fura, kada ya ciji komai da gaba, ya riƙa kurkure baki da maganin da aka ba shi. Ya ce to, likita. Ya shiga ruwan bai waiwayo ba.

Washegari Asabar ta yi sammakon zuwa gidan Babayo a Dengfeng. Tun farkon mako ya ce ta zo ta yi girki, Lukman zai ci abincin rana da su. Ta sayi naman rago a wajen mahautan Musulmin bakin layi, ta hau benen da ledoji.

Ta daɗe tana ƙwanƙwasawa kafin ya buɗe. Idonsa ja, goshinsa da gumi, hannunsa na dama naɗe da bandeji ya rungume shi a ƙirji. Ya ce ƙarfen ƙofar sito ne ya yanke shi jiya, ba wani abu ba ne, ya sha maganin zazzaɓi.

Ta ajiye ledojin a hankali.

"Kawo in gani, Yaya."

Ya ce ta je ta ɗora girki. Ta ce ba za ta ɗora ba sai ta gani. Bai taɓa jin ta yi masa musu ba, shi ya sa ya zauna ya miƙa hannun.

Ta warware bandejin. Bayan hannun ya kumbura ya yi sheƙi, zafi rau. A kan gaɓar yatsan tsakiya, daidai inda ƙashi yake tasowa in an dunƙule hannu, ga ɗan ƙaramin rami yana tsattsafar ruwa mai wari. Ta ce ya dunƙule hannun, ya gwada ya kasa, ya cije leɓe. Ta haska fitilar wayarta, ta buɗa bakin ramin kaɗan da auduga. Can ciki wani abu fari ya ƙyalla.

Ta san wannan farin. Shekarunta nawa tana kallonsa.

Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa.

"Jiya mun nemi wannan a leɓensa. Mun neme shi a huhunsa. Ashe yana hannunka."

Babayo ya kau da kai.

"Wajenki ya je?"

"Da haƙorinsa a cikin madara. Ni na mayar masa."

"Me ya ce wa likita?"

"Ya ce santsi ne ya kwashe shi."

Sai ta ga kafaɗun yayanta sun fara rawa. Rabon da ta ga hawayensa tun ranar da aka bugo musu waya daga Kano aka ce Abba ya cika.

Da kansa ya ba ta labari, yana yi yana tsayawa. Bayan an idar da Juma'a Abdulrasheed ya bi shi har sitonsa na Liuhua, ya ce ya zo ya ƙara roƙo kafin a yi nisa da maganar Lukman. Ya ce ko shekara-shekara ne zai riƙa kai Saude gida ta yi watanni wajen Umma. Babayo ya ce masa ba zai bari ƙanwarsa ta tsufa tana renon 'yar da ko sannu ba ta ji da Hausa ba. Maganar ta yi wa Abdulrasheed zafi, don Babayo ne ya yanka ragon sunan yarinyar da hannunsa. Sai Abdulrasheed ya mayar masa, ya ce shi da yake wa'azin komawa gida, ina yake ranar da aka kai Abba makwancinsa.

"Kin san hanya a rufe take a shekarar nan ta korona, Saude. Kin san babu jirgi. A ɗakin nan na yi sallar gawa ni kaɗai ina kallon bango. Shi ya zo ya zauna da ni, shi ya riƙa ɗura min ruwa a baki. Shi ne zai gaya min haka."

"Bai kyauta ba," ta ce tana share hawaye. "Amma kai ka fara, Yaya."

"Ni na fara."

Ya ce bai san lokacin da hannunsa ya tafi ba. Ya dai ga Rasheed durƙushe yana lalube a ƙasa, jini yana zuba. Ya tsinci haƙorin, ya riƙe shi da yatsa biyu, ya ɗago ya dube shi ya ce kada ya biyo shi, kada ya gaya wa kowa, bizar Babayo ta kusa sabuntawa. Su duka sun san abin da ke faruwa da baƙon da aka kama da laifin duka a ƙasar nan. Tsarewa ce, daga nan sai jirgi, shago da sito da komai a bar su a baya, karatun Saude ma ya shiga wani hali.

"Bakinsa cike da jini, bizata yake tunani."

Saude ta miƙe ta ɗauko masa riga. Ta ce yanzu za su tafi asibiti. Ya ce ta cire masa abin kawai da ɗan hantsaki, ai aikinta ne. Ta ce ba aikinta ba ne, kuma ko ta iya ba za ta yi ba. Raunin haƙorin mutum a kan gaɓa ya fi na ƙusa haɗari nesa ba kusa ba, ƙwayoyin cutar baki sun riga sun shige cikin gaɓar, in aka ƙara kwana zai iya rasa yatsan, ko hannun ma. Sai an buɗe an wanke, an sa masa magani ta jijiya.

"Kuma gaskiya za ka faɗa musu. In ka ce ƙarfe ne, maganin ƙarfe za su yi maka."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya tashi ya sa rigar.

A cikin tasi ya kira Lukman ya ba shi haƙuri, ya ce rashin lafiya ce ta taso. Lukman ya yi ta jajantawa, ya ce a faɗa masa asibitin ya zo. Babayo ya ce ya bari tukuna. Suka wuce tsohon benen 'yar Agadas, an mayar da shi wurin sayar da shayin zamani na kofin roba. Babayo ya bi shi da kallo har ya ɓace.

"Haƙorin zai zauna?" ya tambaya ba tare da ya juyo ba.

"Sai abin da Allah ya yi. Ya kawo shi da wuri. Ko ya zauna, ba zai koma kamar da ba."

Suka isa asibiti.

Likitan ƙashi ya duba hannun, ya sa aka ɗauki hoto, ya tambayi abin da ya jawo. Saude tana tsaye a bayansa ta ji Babayo ya ce, da gurɓataccen Sinancinsa na kasuwa, haƙorin mutum ne. Likitan ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau, ya tambaya ko ɗaya mutumin ya kai ƙara. Babayo ya ce bai kai ba. Likitan ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce za a shiga da shi tiyata da yammacin nan, zai kuma yi kwanaki a kwance.

Aka ba shi gado, aka ɗaura masa ruwa. Saude ta zauna a gefensa tana riƙe da wayarsa da agogonsa. La'asar ta yi a Guangzhou, hantsi ke nan a Kano.

Wayar ta fara ruri. Umma ce. Su duka sun san abin da take son ji: ko Lukman ya zo, ko ya ci abincin, ko auta ta sake fuska.

Saude ta ce bari ta ce mata suna kasuwa, za su kira anjima. Babayo ya girgiza kai. Ma'aikata biyu sun riga sun iso da gadon turawa, suna kwance birkin nasa.

"Ɗauki," ya ce. "Ni na riƙa gaya mata waye Rasheed, kuma rabi na gaya mata. Ki faɗa mata sauran. Ki fara da abin da na yi."

"Yaya, in ta ce a'a fa?"

"Uwa ce, tana da ikon cewa. Amma ta san wanda take cewa a'a a kansa."

Aka tura shi. Ta bi gadon da ido har ƙofar ta rufe. Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri a tafin hannunta. Ta goge fuska da mayafi, ta yi bisimilla, ta kara a kunne.

Daga can ta jiyo kukan zakaran gidansu da ƙarar turmin maƙwabta, sannan muryar Umma, cike da fara'a.

"Auta, ya baƙon namu?"

"Umma, ki samu wuri ki zauna," in ji Saude. "Maganar tana da tsawo, kuma ba a kan Lukman ba ce."